Wai me ke hana mu ɗalibai motsa jiki ne, lalaci ko dai akwai wani abu?

Ɗan_Kwangila:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya ce da ni, kuma dan Allah amsar gaskiya nake so ba irin wadda ake rubuta ma malami a jarrabawa dan a samu maki ba. Me ya sa mu ɗaliban manyan makarantu a Zariyan nan ba ma motsa jiki? Garin nan fa maƙil yake da ɗalibai, ga Samaru ga Kongo ga Gyallesu ga 'yan Nuhu Bamalli ga masu karatun likita a Shika, amma ka fita bayan sallar asuba da ƙyar za ka haɗu da wasu 'yan tsiraru suna gudu, su ɗin ma in ka bincika ko 'yan tim ɗin ƙwallo ne ko masu shirin shiga soja da ɗan sanda da ke tsoron kar a kore su a wajen tantancewa.

Ni aji uku nake yanzu. Lokacin sakandare duk la'asar ina fili, ba a fara raba tim sai na zo. Yanzu wlh in na hau bene zuwa ajin lakca sai na tsaya na yi kamar ina duba waya alhali numfashi nake maidawa, kuma shekaruna ba su kai ashirin da biyar ba. Bayana na ciwo in na daɗe zaune, barci ma ya zama sai a hankali. Duk farkon samista sai in ɗaura niyya, in yi sati ina fita, da an saka tes na farko shi kenan an gama da wannan babin sai kuma wata samistar.

Abokina ya ce lalaci ne kawai ba wani abu, ni kuma ban yarda ba dan ba zai yiwu a ce dubban matasa duk malalata ne a lokaci guda ba. To ku me ke hana ku? Mata ma dan Allah ku yi magana, ku na ga abin ya fi tsanani a wajenku.

Baban_Garau:

Wa alaikumus salam. Malam ai amsarka ba ta da nisa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ke kan 0-1-0, safe ba komai, rana garau-garau ko ɗanwake, dare kuma sai dai ruwa da addu'a, shi za ka ce ya je ya zaga fili yana ƙona ɗan abin da ya ci? Ni abincin da na ci adana shi nake yi ya kai ni gobe. Wasa nake amma ba wasa ba ne, tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 kuɗin da gida ke turowa bai canja ba amma kwanon shinkafa da wake da kuɗin napep duk sun tashi, in ka buga ƙwallo awa ɗaya yunwar da za ta taso maka indomi biyu ba za su kashe ta ba, to ina kuɗin na ukun?

Na biyu kuma wanda ba wanda ke faɗa, RUWA. Gidan hayar da nake rijiyar kan ƙafe tun wajen watan Maris, mai gidan ya yi alkawarin bohol tun kafin in kama ɗakin har yau shiru, sai dai ka tare ɗan ga-ruwa ka sayi jarka. Jarka ɗaya ita ce wanka, ita ce alwala, ita ce wanke kwano. In na fita gudu na dawo sharkaf da zufa dole wanka na biyu, ga rigar da wandon su ma sai an wanke, ga sabulu ga omo. Ka ga gudun da ake cewa kyauta ne ashe da kuɗinsa. Ko kuma in tafi lakcar ƙarfe takwas haka nan in zauna kusa da mutane ana toshe hanci.

Sannan ka manta da yawanmu ba karatu kaɗai muke ba. Ni bayan lakca shagon POS nake zama har wajen tara na dare. Wani acaba yake, wani ɗinki, wani yana koyar da yara lesin. Lokacin da kai ka ke kira lokacin fili mu lokacin neman kuɗin handawut ne.

Zee_Tudunwada:

Tunda ka ce mata su yi magana toh bari in yi, amma kar wani ya zo ya ce ina kawo raini.

Mu matsalarmu ta farko ido ne. Ku maza in kun ga dama za ku zura gajeren wando ku fita ba mai kallonku. Ni ranar da na gwada fita tafiyar sauri da sassafe ni da ƙawata, da zumbulelen hijabi har ƙasa fa, ba abin da ke bayyane sai kambas ɗin ƙafarmu, amma tun daga bakin layi masu shayi suka fara, wani ya ce hajiya ina za a je yaƙi, wani ɗan acaba ya rage gudu yana binmu yana cewa mu hau ya rage mana hanya. Kafin azahar magana ta kai gida wai an ganni ina tsere a titi. Hajiyarmu ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ke da ake maganar aurenki ki rufa mana asiri. Shi kenan, me zan ce?

Kuma ku sani da yawanmu 'yan gari ba a hostal muke ba, daga gida muke zuwa. Kafin in fita sai na yi shara na dafa ruwan zafi na shirya ƙannena, in na dawo kusan magariba ga tuwo na jirana ga wanke-wanke, sai bayan isha'i zan buɗe littafi. Yayana da muke makaranta ɗaya da ya dawo sai ya ajiye jaka ya wuce fili ko majalisa, abincinsa na rufe a kwano. Ba ƙorafi nake ba, amma in ana lissafin waye ke da lokacin motsa jiki a tuna da wannan.

Filayen wasan ma ai na maza ne ko da ba a rubuta ba. Je ka duba duk filin da ka sani da yamma, ƙwallon maza ne daga wannan raga zuwa waccan, gefe kuma 'yan kallo sun yi layi. Wace mace ce za ta shiga tsakiyar nan ta ce za ta yi tsalle? Jim ɗin da ake biya kuwa ga kuɗi ga cakuɗa, mai koyarwar namiji, kiɗa na tashi, ba uban da zai bar 'yarsa. Da a ce akwai wuri mai katanga, ko awa biyu ne a ware a ce na mata ne zalla kuma mace ke kula da shi, wlh za ku sha mamakin yawan waɗanda za su zo. A ɗakunan hostal ma na san 'yan mata da ke kulle ƙofa su kunna bidiyo a waya suna bi, in wani ya ƙwanƙwasa a yi sauri a kashe kamar an kama su da laifi.

Abin da ke ban haushi, muna yara ai mun yi gaɗa mun yi 'yar gala-gala mun yi tsallen igiya har sai an kira mu da bulala. Da mace ta kai sha uku sha huɗu sai a ce ta girma ta nutsu, nutsuwar kuma ita ce zama wuri ɗaya. Sannan in kin rame a ce wahala kike sha, in kin yi ƙiba a ce hutu ya karɓe ki, to wa zai so ya rage hutu?

Sarkin_Majalisa:

Hhhh duk naji bayananku amma ku ji tsoron Allah. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba awa nawa ya yi jiya a TikTok da WhatsApp sannan ya dawo ya ce min ba shi da lokaci. Wanda ke cewa yunwa, ai shi ne zai tafi gidan kallo ya zauna minti 90 yana ihu a kan Arsenal da Barcelona, in an tashi a ƙara awa guda ana musu. Ƙwallon da wasu ke bugawa muna da lokacinta, wadda za mu buga da ƙafarmu ce ba mu da shi. Mata na yarda da uzurinsu rabi. Maza kam lalaci ne, ni ma ina ciki.

Baban_Garau:

@Sarkin_Majalisa kallon bal ba ya jawo yunwa kuma ba ya buƙatar wanka malam, ka kawo wata hujjar.

Likitan_Gobe:

Ina ganin kowa a nan ya faɗi wani yanki na gaskiya har da Sarkin_Majalisa, amma akwai abu ɗaya da na lura duk kun ɗauka ba tare da kun tambaya ba, wato motsa jiki shi ne gudu ko ƙwallo ko ɗaga ƙarfe a jim. Wannan tunanin kansa yana cikin manyan abubuwan da ke hana mutane, dan mutum na ganin in ba shi da kambas da awa guda da fili to ba zai iya ba, sai ya bar abin gaba ɗaya.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙa'idojinta na 2020 shi ne babba mai shekara 18 zuwa 64 ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana biyu a sati ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan in ka raba minti 30 ne sau biyar. Matsakaici kuma shi ne wanda numfashinka zai ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, tafiyar sauri ta shiga ciki. A da ana cewa sai ka haɗa minti goma a jere kafin a ƙirga, a na 2020 sun cire wannan sharaɗin, ko minti biyar ne ya shiga lissafi. Kuma ba su ce sai wasa ba, tafiya zuwa makaranta, keke, aikin gida, noma, duk suna ciki.

To ke Zee, jan ruwa a rijiya da daka da wanki a duƙe da sharar tsakar gida, ba zaune kike ba, wataƙila ma kin fi yayan naki da ke zuwa majalisa. Kai kuma Baban_Garau in kana takawa daga cikin Samaru zuwa aji da ƙafa saboda kuɗin napep, talaucin ya yi maka rabin aikin, abin da ya rage ka ɗaga ƙafa ka daina tafiyar rangwaɗa. Tafiyar sauri ta minti talatin da safe ba za ta jiƙa ka kamar ƙwallo ba kuma abin da take ƙonawa bai kai ya sa ka nemi kwano na biyu ba. Wanda na fi ji ma tsoro shi ne ɗalibin da ke da hali, mota ko mashin daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar aji, lakca daga takwas zuwa shida a zaune, dare a kwana a aji ana karatu da lemon kwalba da shayi mai siga cokali huɗu, shi ne za ka gani yana shekara talatin da 'yan kai an ce masa hawan jini ko ciwon suga. Hawan jini kuma ba ya sallama, mutum na yawo da shi shekaru bai sani ba sai an auna.

Ba mu kaɗai ba ne fa. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa kai wannan ma'aunin, mata kashi 34 maza kashi 29. Ga 'yan shekara 11 zuwa 17 ma abin ya fi muni, kusan kashi 81. Wato tun kafin a shigo jami'a an fara zama.

Ɗan_Kwangila abin da ke karya ka ina zargin yadda kake farawa ne. Mutum ya yi wata huɗu a zaune sai rana ɗaya ya tashi ya ce zai yi gudun da yake yi a sakandare, washegari cinyoyi su ɗaure, ciwon nan yakan fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, sai ya haɗu da satin tes, sai a ajiye. Kuma lokacin jarrabawar da kowa ke dainawa shi ne aka fi buƙata, dan yana gyara barci yana rage fargaba, ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba kuwa ba ta riƙe karatu, ko ka kwana a aji.

Sai yanayin garinmu, shi ma uzuri ne na gaske. Disamba zuwa Fabrairu hunturu da ƙura, mai asma ya kiyayi gudun asuba a lokacin, gara ya bari rana ta ɗaga ko ya yi a ɗaki. Maris da Afrilu zafi, kar wanda ya fita tsakar rana. Damina kuma fili ya zama taɓo. In kana jiran lokacin da ya dace a Zariya 'yan makonni ne kawai a shekara, shi ya sa abin da za ka iya yi a ɗaki a kan tabarma, tsallen kwaɗo, fushof, tsuguno da miƙewa, igiya, ya fi ɗorewa.

Tsohon_Ɗalibi_03:

Ƙannena sannunku, ni na bar makaranta sama da shekara ashirin amma wannan hirar ta taɓa ni. Zariya fa gari ne mai tarihin wasanni, kar ku ɗauka haka aka same ta. ABU tun kafuwarta a 1962 tana cikin na gaba-gaba, wasannin jami'o'i na NUGA da aka fara a Ibadan a 1966 ta karɓi baƙuncinsu ba sau ɗaya ba, na 2001 da idona na gani, makaranta ta cika ta batse. Masai Ujiri da ke shugabantar Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA a 2019, a garin nan ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallon kwando. Ga Depot na soja tun 1924, duk ɗan garin nan ya saba ganin kurata na gudu suna waƙa.

Abin da na ga ya canja shi ne a zamaninmu an san yammacin Laraba na wasanni ne a jami'o'i, kuma akwai gasar hol da hol, sashe da sashe, ko ba ka iya ba za a jawo ka dan a cika lamba. Yanzu yaran da nake magana da su daga makarantu daban-daban suna ce min ko ranar Asabar ana saka lakca, musamman bayan dogon yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, aka dawo ana matse samista ana gudu da kalanda. In lokaci ya ƙure abin da ake fara yankewa wasa ne dan ba ya cikin GP, wato makin da ake lissafa sakamakon ɗalibi da shi.

Kuma mu iyaye da laifinmu. Yaro in ya ce zai je fili sai mu ce karatu aka tura ka ko bal? Wanda ya samu gurbin karatun ilimin motsa jiki sai a dinga masa dariya wai ya je jami'a koyon tsalle. Alhali langa da kokawa da dambe namu ne tun kaka da kakanni, ba Bature ya kawo ba.

Zee 'yata, ki gaya ma Hajiya cikin ladabi, ya zo a Abu Dawud cewa Manzon Allah SAW ya yi tsere da Nana A'isha RA ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A wata ruwayar sai da ya ce ma sahabbai su yi gaba tukuna, kin ga abin da kike nema na keɓantaccen wuri yana da asali. Ku haɗu ku rubuta ma shugabannin ɗalibai mata da ofishin wasanni na makarantarku, abu ne da ba ya cin kuɗi, makulli ne da jadawali.

Ku maza kuma ku tuna sansanin NYSC na jiranku, sati uku ana tada ku da bigila kafin asuba, a can ake gane wanda ya shekara huɗu a zaune.

Zee_Tudunwada:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Hadisin Hajiya ta san shi, ita ba addini take tsoro ba bakin maƙwabta take tsoro. Amma maganar rubuta takarda zan kai ma Amirarmu in ji me za ta ce, in mun kai mu ashirin da sa hannu ai dole a saurare mu.

@Likitan_Gobe tambaya, ƙawar tawa da muka fita tare sikila ce, ita ma tana so amma a gida an hana ta ko ɗaukar bokiti. Za ta iya tsallen igiyar?

Ɗan_Kwangila:

Kai jama'a na gode, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Sarkin_Majalisa na duba wayar, ba zan faɗi abin da na gani ba. Ni dai daga Litinin zan dinga sauka a bas tun kafin get in ƙarasa da ƙafa. Sannan akwai masu sha'awar mu hau dutsen Kufena wata Asabar da safe? Na ji ana zuwa ta Wusasa, amma ban san ko sai an nemi izini ba, wanda ya taɓa zuwa ya yi bayani.

Likitan_Gobe:

@Zee_Tudunwada kar ta fara da igiya. Mai sikila ba a hana shi motsi gaba ɗaya ba, amma abubuwan da ke tada ciwon su ne ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, zafi sosai ko sanyi sosai, kuma igiya na saurin kai mutum ga haki. Tafiya a hankali da miƙe gaɓoɓi, ta sha ruwa kafin da lokacin da bayan, ta huta tun kafin ta gaji, ranar da take jin zazzaɓi ko wani ciwo kar ta yi sam, asubar hunturu ma ta bari. Ni ɗalibi ne har yanzu, dan haka ranar da za ta je kilinik ɗinsu ta tambayi likitan da ke da fayil ɗinta dan shi ya san yawan jininta da yadda ciwon ke mata, in da hali ta tafi da mamanta ta ji da kunnenta.

Baban_Garau:

Kufena ina ciki in dai akwai wanda zai ɗau nauyin ƙosai da kunu a ƙasan dutsen. Kuma a tashi da wuri, sha ɗaya nake buɗe shago.